Ƙwaron Naman Kaza da Kututturen da Ba a Bari Ya Ruɓe a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, wato ranar da babbar kasuwar kan iyaka take ci, ba zai rasa cin karo da amalanke da jakuna ɗauke da itacen girki ba. A cikin kayan akan ga rassan darbejiya da na turare, da guntayen aduwa da sabara, wani lokaci har da kututturen da aka haƙo tun daga saiwarsa. Idan damina ta yi nisa, a jikin irin wannan kututture akan tarar da wani abu mai tauri ya fito kamar rabin faifai, samansa jaja-jaja, ƙasansa fari. Wannan shi ne naman kaza na itace. Mai faskare yakan kankare shi da gatari ya yar, domin ba ya cin wuta sosai, ba a kuma sa shi a miya.

Abin nan da aka yar gida ne kuma abinci ne ga wani dangin ƙwari da masana suke kira Erotylidae, waɗanda za a iya kira da Hausa ƙwarin naman kaza. Ba sa cin gero, ba sa cizon mutum ko dabba, saboda haka babu wanda ya taɓa kai ƙararsu ofishin malamin gona. Amma duk da haka akwai dalilai masu ƙarfi da suka sa ya kamata jami'o'in Jihar Jigawa da hukumomin gandun daji su san da zamansu, su neme su a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, su kuma bar musu ɗan wurin zama. Ƙasar da ta shafe shekaru kusan hamsin tana dashen itatuwa tana bukatar ma'aunin da zai nuna mata ko abin da ta dasa ya zama daji, kuma waɗannan ƙwari suna daga cikin ma'aunai mafi arha.

Asalinsu da Rabe-rabensu

Ƙwarin naman kaza suna cikin babban rukunin ƙwari masu sulke, wato Coleoptera, rukunin da ya haɗa da buzuzu da hangara da gunda da ƙwaron wake. Wannan rukuni shi ne mafi yawa a cikin dukkan dabbobin da aka raɗa wa suna, domin nau'o'insa da aka rubuta sun kai kimanin 400,000. Tun daga 1758, lokacin da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya kafa tsarin da ake bi har yau, kowace dabba tana da suna biyu, na farko sunan jinsinta, na biyu sunan nau'inta, kamar yadda mutum yake da sunan mahaifi da sunan yanka. Jinsuna masu kama da juna su ne ake tarawa a kira su dangi.

A 1775 wani almajirin Linnaeus mai suna Fabricius ya raɗa wa wani jinsi suna Erotylus, kalmar da take nufin abin ƙauna a harshen Girka, saboda kyawun launinsa. Daga wannan suna ne Bafaranshe Latreille ya samo sunan dangin gaba ɗaya a 1802. Turawan Ingila ma sunan da suke kiransu da shi ma'anarsa ƙwarin naman kaza masu daɗin kallo. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu zai yarda da sunan. Jikinsu sumul yake, mai sheƙi, siffar ƙwai ko ɗan dogo, galibi baƙi da ɗigo ko zane na ja ko ruwan lemo ko ɗorawa. Ƙananansu ba su wuce milimita 3 ba, manyansu kuwa sukan haura santimita 2. Alamar da ta fi saurin bayyana su ita ce gaɓoɓi uku na ƙarshen ƙahonnin jinsu, waɗanda suka faɗaɗa suka zama kamar kan kulki. Launin nan nasu kuwa gargaɗi ne, domin da yawansu suna fitar da wani ruwa mai wari wanda yake sa tsuntsu ko ƙadangare ya tofar da su.

Rabe-raben dangin ya sha gyara. Shekaru da dama ana ɗaukar wasu ƙwari siriri dogaye, masu kai kamar na ƙadangare, a matsayin dangi dabam mai suna Languriidae. A farkon shekarun 2000 bincike a kan siffar jiki da ƙwayoyin gado ya nuna cewa tushensu ɗaya, sai aka haɗe su. Da wannan haɗewa dangin ya kai nau'o'i kimanin 3,500, a ƙarƙashin ƙananan dangi shida. Mafi girma shi ne Erotylinae, su ne ainihin masu cin naman kaza. Na biye shi ne Languriinae, waɗanda tsutsotsin da yawansu suke girma a cikin karan ciyawa da na tsirrai. Sauran huɗun ƙanana ne masu launin ƙasa-ƙasa, wasu suna cin fumfuna, wasu ƙurar fure.

Yadda Suke Rayuwa

Rayuwar mai cin naman kaza a ɗaure take da abincinsa. Macen takan saka ƙwai a jikin naman kazan, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta yi ta haƙa a ciki tana ci, har ta isa, sannan ta kwanta a cikinsa ko a ƙasar da ke gindin itacen ta rikiɗe ta zama ƙwaro. Kuma ba kowane naman kaza kowane ƙwaro yake ci ba. Jinsin Megalodacne, wanda yake a Afirka da Asiya da Amurka, ya fi son masu tauri irin na jinsin Ganoderma, wato irin rabin faifan nan da mai faskare ya yar. Jinsin Triplax ya fi son masu taushi irin na Pleurotus, waɗanda ake nomawa yanzu don ci. Saboda wannan zaɓe nasu, wanda ya san ƙwaron ya san naman kazan da ke wurin, wanda ya san naman kazan kuma ya san halin da itacen yake ciki.

A cikin dangin akwai masu halaye na ban mamaki. A Kudancin Amurka macen jinsin Pselaphacus takan tsaya a kan 'ya'yanta tana gadinsu, ta kuma raka su daga wani naman kaza zuwa wani kamar kaza da 'yan tsaki. A Japan an bayyana a 2012 cewa macen Doubledaya bucculenta takan huda gora, ta saka ƙwai, ta kuma shuka wani irin yisti a cikin gaɓar, wanda tsutsarta za ta ci ta girma, wato noma ke nan. Jinsin Pharaxonotha kuwa shi ne yake ɗaukar ƙurar fure tsakanin namiji da macen wasu daɗaɗɗun tsirrai masu kama da kaba na jinsin Zamia a nahiyar Amurka, kuma idan ƙwaron ya yi ƙaranci tsiron ba ya yin iri yadda ya kamata.

Taswirar Ƙwari ko Taswirar Masu Nema?

Wurin da dangin ya fi yawa shi ne kurmin ƙasashe masu zafi da ruwan sama, musamman Kudancin Amurka, sai Kudu maso Gabashin Asiya da kurmin Afirka. Dalilin a fili yake, domin inda laima take nan naman kaza yake. Mai karatu zai iya cewa, to me ya haɗa irin wannan ƙwaro da Maigatari, inda damina ba ta wuce wata huɗu ba, ruwan shekara kuma yana tsakanin milimita 500 zuwa 600?

Amsa ta farko ita ce busasshiyar ƙasa ma tana da lungunan laima. A kudu maso yammacin Amurka, a jihohi masu fari irin su Arizona da New Mexico, akwai wani babban nau'i mai launin shuɗi-shuɗi da ɗigon baƙi, Cypherotylus californicus, wanda yake zaune a kwazazzabai da gefen rafuka inda itace yake samun damar ruɓewa. A ƙasar Gumel irin waɗannan lunguna su ne gefen kududdufai, da kogon tsohuwar kuka ko tsamiya, da tsakiyar shingayen itatuwa inda inuwa ta haɗe, da tsofaffin maƙabartu inda gatari yake jin kunyar shiga.

Amsa ta biyu ta shafi yadda ake zana taswirar yaɗuwar ƙwari. Kowane ɗigo a irin wannan taswira yana nufin wani mutum ya je wurin, ya kama ƙwaro, ya rubuta rana da wuri, ya ajiye shi inda wani zai iya dubawa. Saboda haka wurin da babu ɗigo yana iya zama babu ƙwaro, yana kuma iya zama babu wanda ya je. Tarihin binciken wannan dangi ya nuna inda aka fi zuwa. A 1956 Boyle ya yi cikakken nazarin na Arewacin Amurka. A 1994 Alvarenga ya fitar da jerin na Kudancin Amurka. Tsakanin 1988 da 1990 wasu masana biyu na Japan masu suna Chujo suka fitar da jerin na Turai da Asiya da Ostareliya, kuma tun a kan sunan aikin suka bayyana cewa ban da yankin Afirka ta kudu da Sahara. Nau'o'in Afirka da aka raɗa wa suna, irin waɗanda Arrow ya bayyana a Landan da waɗanda Villiers ya yi nazari a Faransa, samfurorinsu na asali galibi suna gidajen adana kayan tarihi na Turai. A gida Nijeriya akwai jerin ƙwarin ƙasa da Medler ya wallafa a 1980, akwai kuma ɗakin adana ƙwari na Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ɗalibai daga ko'ina a Arewa suke kai samfuri don a tantance musu. Tushe dai akwai shi. Gini a kansa ne ya rage, kuma iyakar arewa ta yaɗuwar dangin da yake bukatar laima ba za a same ta a Landan ko a kurmin kudu ba, sai a wurare irin su Sule Tankarkar.

Shingen Itatuwa da Daji

Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985, gwamnati ta dasa shingayen darbejiya da turare a arewacin tsohuwar Jihar Kano, wanda wani sashensa ya zama Jigawa a 1991. Daga baya aka kafa gonakin dakwara don ƙaro. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, Jigawa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa, aka kuma kafa masa hukuma ta ƙasa a 2015. A duk waɗannan ayyuka abin da aka saba ƙirgawa shi ne yawan dashe da tsawon kilomita, sai kuma yawan waɗanda suka rayu.

Ƙirgar nan tana da amfani, sai dai ba ta kai ƙarshen labari ba. Daji na gaskiya yana da rayayyen itace da mataccen itace. Mataccen ne yake mayar wa ƙasa abin da itacen ya zuƙa a tsawon rayuwarsa, shi ne kuma yake riƙe laima a rairayi. Masu wannan aiki su ne gara da naman kaza da ƙwarin da suke binsu. Binciken da Collins ya yi a Mokwa, wanda ya fito a 1981, ya nuna cewa gara takan kwashe fiye da rabin itacen da yake faɗuwa a shekara a wancan daji, kuma manyan masu gina suri ma da taimakon wani naman kaza da suke nomawa a cikin surin suke narkar da shi. Naman kaza na itace yana daga cikin halittu ƙalilan da suke iya narkar da sinadarin da yake ba itace tauri. Ƙwaron naman kaza kuwa shi ne gaɓa ta uku a wannan sarƙa. Ba zai zauna a wuri ba sai an sami itacen da ya daɗe, da naman kazan da yake fitowa damina bayan damina, da inuwar da za ta raya shi a cikin rani. Ganinsa shaida ce cewa waɗannan abubuwa uku sun haɗu.

Maƙwabtan Maigatari na ƙetaren iyaka sun riga sun nuna darajar kututture. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato barin tohon rayayyen kututture ya girma maimakon a sare shi kowace bazara, kuma da wannan dabara gawo da sauran itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta. Darasin rayayyen kututture an koye shi. Na mataccen ne har yanzu bai shiga tsarin gandun daji ba.

Abin da Masu Suka Za Su Ce

Akwai suka iri uku, kuma kowanne yana da gaskiyarsa. Na farko shi ne na makamashi. Matar da take tafiya mai nisa neman kirare a Gagarawa ba za a ce mata ta bar busasshen itace don ƙwaro ba, kuma hana ta busasshe tura ta ne ga ɗanye. Wannan gaskiya ce, shi ya sa abin da ake nema kaɗan ne: wani ɗan fili da aka shata a cikin kowane gandun daji ko babban shinge, da yardar dagaci da masu unguwa, inda za a bar kututture da faɗaɗɗen itace su kwana. Sauran gandun ya ci gaba yadda yake.

Na biyu shi ne cewa Ganoderma cuta ce. Haka ne, yana ruɓar da saiwa da gindin rayayyen itace, kuma yakan shiga ta rauni, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Sassakar ɓawo don magani da datse rassa barkatai don dabbobi su ne suke buɗe masa ƙofa. Saboda haka ba hikima ba ce a bar kututture mai ɗauke da shi a tsakiyar sabuwar gonar dakwara. Amma ya kamata malamin daji ya san cewa ƙwaron da ya gani a gindin itacen da yake mutuwa ba shi ne ya kashe shi ba. Naman kazan yake ci, ba itacen ba, kuma fesa masa guba asarar kuɗi ce.

Na uku shi ne mafi nauyi: jami'ar da ba ta da isassun kayan aiki me zai sa ta ɓata lokaci a kan ƙwaron da ba ya ɓarna? Amsar tana cikin rumbunan Maigatari. Jigawa tana sahun gaba a noman riɗi da zoɓo, kuma kasuwarsu ta ƙasashen waje ce. Tsakanin 2017 da 2018 ƙasar Meziko, babbar mai sayen zoɓon Nijeriya, ta dakatar da shigar da shi saboda wani ƙaramin ƙwaron rumbu mai suna Trogoderma granarium, aka kwashe shekaru kafin a sake buɗe ƙofa. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. A buhun kaya akan sami ƙananan ƙwari masu launin ƙasa iri-iri waɗanda ido ba ya bambancewa. Wasu masu ɓarna ne, wasu kuma, kamar jinsin Cryptophilus na wannan dangi da ake magana a kai, fumfuna kawai suke ci, kuma zuwansu alama ce cewa kayan bai bushe ba. Maganin na farko dabam, maganin na biyu shanya ce da gyaran rumbu. Mai iya raba su shi ne wanda aka horar da idonsa a kan ƙirga gaɓoɓin ƙafa da na ƙaho a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma wannan horo ɗaya ne ko da wane dangi aka fara. Jihar da ba ta da masu wannan sani za ta ci gaba da jiran wani ya gaya mata abin da ke cikin buhunta.

Abin Yi

Aikin bai fi ƙarfin Kwalejin Ilimi ta Gumel ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko Jami'ar Tarayya ta Dutse ba. Lokacinsa daga Yuli zuwa Satumba ne. Kayansa su ne wuƙa da kwalabe da barasar asibiti da fensir da takarda da wayar hannu mai ɗaukar hoto da nuna wuri. Ɗalibi zai duba ƙarƙashin naman kaza da bayan ɓawo da safe da kuma bayan magariba, ya ɗauki hoton ƙwaron a inda ya same shi, ya rubuta sunan itacen. Wajibi ne ya ɗauko naman kazan ma, ya sa shi a kwalba mai rufin ƙyalle, domin tsutsar da ke ciki za ta fito ta zama ƙwaro, ta haka ne ake tabbatar da wa yake cin me. Masu neman siriran dangin kuwa sai su tsaga karan ciyawa a gefen gona da fadama. Kowane samfuri a raba shi biyu, ɗaya ya zauna a jami'ar, ɗaya ya tafi Samaru, bayanin kuma a sa shi a rumbun bayanan halittu na duniya da aka kafa a 2001, wato GBIF, inda kowa zai iya gani ta intanet. Kada a manta da tambayar masu faskare da makiyaya da masu magani sunayen da suke kiran naman kaza da ƙwarinsa da Hausa da Fulatanci da Manganci, domin su suka fi kowa daɗewa suna ganinsu.

Mai yiwuwa ne nau'o'in da za a samu ba su da yawa, kuma wannan ma sani ne. Idan aka maimaita binciken a wurare guda, a tsohon shinge da sabon dashe da maƙabarta da gona, shekara bayan shekara, za a sami abin da ƙirgar dashe ba ta bayarwa: hujjar cewa wannan shinge ya fara zama daji, wancan kuwa har yanzu layin itatuwa ne kawai. Hukumar gandun daji ta jiha ita ce take da ikon shata filin, shugabannin sassan nazarin halittu su ne suke da ikon raba wa ɗaliban ajin ƙarshe batun bincike. Kowane ɓangare yana iya yin nasa kafin ruwan farko na damina mai zuwa ya sauka a ƙasar Lautai.